Sarrafa Fuskar Roba da Filasma: Yadda Ake Daidaita Kaushi da Korar Ruwa

Abu biyu ne ke yanke yadda ruwa zai zauna a kan roba. Na farko, irin sinadaran da ke can saman fuskarta, cikin kaurin da bai wuce 'yan nanomita ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Na biyu, siffar fuskar kanta, sumul take ko mai kaushi. Filasma tana taɓa duka biyun a lokaci guda, kuma a nan ne masu fara wannan aiki suka fi ruɗewa: sai a canza lokaci ko ƙarfin wuta, sakamako ya canza, amma a rasa gane ko sinadarin ne ya sauya ko kaushin. Wanda yake son aikinsa ya maimaitu gobe da jibi, to ya raba su gida biyu. Ya gina kaushin a mataki ɗaya, ya shimfiɗa sinadarin a wani matakin, ya auna kowanne shi kaɗai.

Filasmar da ake nufi iska ce da aka zuba wa ƙarfin lantarki har wani ɓangarenta ya rabu zuwa elektiron da ayon da gutsattsarin ƙwayoyi masu saurin haɗuwa da duk abin da suka taɓa, tare da haske mai ƙarfi na bayan shuɗi wanda ido ba ya gani. Elektiron ɗin suna da zafin gaske, amma iskar kanta ba ta da nisa da zafin ɗaki, shi ya sa roba ke shiga ta fito ba ta narke ba. Masu buga rubutu a kan ledar ruwan sha sun san ƙanwar wannan fasaha, wato korona, wadda injiniyan Danmak Verner Eisby ya ƙirƙiro a 1951. Foliyetilin, robar da ake yin ledar da ita, yana da ƙarfin fuska (ma'aunin yadda fuska ke jan ruwa ko tawada) wajen dayin 31 a santimita, tawada kuwa tana son 38 zuwa 42 kafin ta kama, don haka ake bi da ledar ƙarƙashin tartsatsin wuta kafin bugu. Korona galibi sinadari take gyarawa. Idan ana son kaushin da za a iya juya shi yadda ake so, sai an koma ga filasma ta cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska.

Lissafin da ya kamata ka riƙe kafin ka kunna inji

Ma'aunin aikin shi ne kusurwar ɗigo: kusurwar da gefen ɗigon ruwa ke yi da fuskar da ya zauna a kai. Ƙasa da digiri 90, fuskar tana karɓar ruwa. Sama da 90, tana ƙinsa. Idan ta wuce 150 kuma ɗigon yana gangarewa da an karkata fuskar ƙasa da digiri 10, an kai matakin da ake gani a ganyen gwaza bayan ruwan sama, inda ruwa ke dunƙulewa yana mirginawa ganyen kuma a bushe.

Robobin da ba a taɓa ba suna ba da kusan haka: PMMA (akirilik, roba mai kama da gilashi) wajen 70, PET (robar gorar ruwa) tsakanin 70 da 80, folistirin wajen 90, foliyetilin da folifurofilin kusan 100, PDMS (robar silikon mai laushi) da PTFE (Teflon) wajen 110. Fuska sumul, komai yawan fulorin da aka jera mata, ba ta wuce wajen digiri 120. Duk abin da ya haura wannan daga kaushi ya fito.

Wenzel ya nuna a 1936 cewa idan ruwa ya cika ramukan kaushin, cos θ* = r cos θ, inda θ ke nufin kusurwar ɗigo a fuska sumul, θ* kusurwarsa a fuska mai kaushi, r kuma ainihin faɗin fuskar idan aka raba shi da faɗin da ido ke gani. Ɗauki r = 2. Fuskar da take digiri 110 za ta koma 133, wadda take 70 kuwa za ta sauko 47. Ma'ana kaushi yana ƙara wa fuska halin da take da shi ne tun asali, mai son ruwa ta ƙara so, mai ƙi ta ƙara ƙi. Cassie da Baxter, a 1944, sun duba yanayin da iska ta maƙale cikin ramukan, ɗigon yana zaune a kan tsinin tudu kaɗai: cos θ* = f(cos θ + 1) − 1, f kuwa shi ne kason ƙasan ɗigon da ke taɓa roba. Da θ = 110, f = 0.2 yana ba da digiri 150, f = 0.1 yana ba da 159. Wannan yanayi na biyu shi ake nema idan ana son ruwa ya gangara. Na Wenzel yana iya ba da babbar kusurwa amma ɗigon ya manne ko an kifa farantin.

Shirya roba da inji

Bari mu ɗauki farantin PMMA mai kaurin milimita 1 zuwa 2, a yanka shi gunduwa-gunduwa santimita 2 × 2, da injin da ke aiki da wutar rediyo ta megahaz 13.56, mai faranti biyu: na ƙasa wanda wuta ke shiga ta cikinsa, da na sama ko bangon tukunya wanda ke haɗe da wayar "earth".

Wanki ya fi muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka, domin filasma tana aiki ne da abin da ta tarar a sama. Idan maiƙon yatsa ta tarar, shi za ta sarrafa. Asiton yana narkar da PMMA da folistirin da folikabonet, kada ya kusance su. Ko isofurofanol yana iya tsattsaga PMMA idan an yanka shi da leza, saboda gefen yankan yana ɗauke da tsohon matsi. Ga irin wannan, ruwan sabulu mara ƙarfi sannan ɗauraya da tataccen ruwa ya fi aminci. PET da foliyetilin suna jure isofurofanol cikin injin girgiza na minti 5 zuwa 10. A busar da iskar naitirojin, a sa a tanda mai zafin digiri 50 zuwa 60 na wasu awanni, domin PMMA da PET suna shan danshi, kuma danshin zai fito cikin tukunya ya gurɓata iskar da ka auna. Ledar kasuwa ta foliyetilin tana da wata matsalar: ana zuba mata sinadarin santsi irin su erukamaid, wanda ke ci gaba da tasowa sama ko bayan an wanke. Lokacin hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, kowace ƙwaya da ta sauka a kan roba za ta kare abin da ke ƙarƙashinta, ta bar tudu a inda ba a so. Daga tanda sai cikin kwanon gilashi mai murfi, daga nan sai tukunya.

Kafin a sa samfur, a kunna filasmar oksijin a tukunyar ba komai na minti 10 zuwa 20. Bangon tukunya yana riƙe da ragowar aikin jiya, musamman idan an yi amfani da iska mai fulorin. Sannan a zuƙe iska har matsi ya sauka ƙasa da faskal 1 idan famfon zai iya, a rufe bawul a duba yadda allura ke hawa. Hawa a miƙe ba tsayawa yoyo ne. Hawan da ke lafawa danshi ne ke fita daga bango ko roba. Launi ma yana ba da labari: filasmar oksijin fara-fara ce mai dishi-dishi, idan ta yi ruwan hoda to naitirojin na shigowa daga waje.

Wani gargaɗi da ba a wasa da shi: oksijin zalla da famfo mai amfani da man inji na yau da kullum suna iya tashin gobara ko fashewa. Famfon ya zama busasshe, ko mai amfani da man PFPE, wanda ba ya kama wuta da oksijin, irin su Fomblin ko Krytox.

Mataki na farko: gina kaushi

Ga wurin farawa: oksijin sccm 30 zuwa 50 (sccm ma'aunin yawan iskar da ke shiga tukunya a minti ne), matsi faskal 5 zuwa 10, wuta wat 100, samfur a kan farantin ƙasa. A daidaita akwatin daidaita wuta har wutar da ke dawowa baya ta sauka ƙasa da kashi 5 cikin 100. A yi jerin samfura na minti 1, 2, 5 da 10, a ajiye ɗaya da ba a taɓa ba.

Kada lambar wat ta yaudare ka idan kana kwafo aikin wani. Wat 100 a kan zagayayyen faranti mai faɗin santimita 10 daidai yake da wat 1.27 a kowace murabba'in santimita. A kan mai faɗin santimita 24 kuwa 0.22 ne kacal. Lambar da ta fi faɗin gaskiya ita ce ƙarfin lantarkin da farantin ƙasa ke tara wa kansa, wanda yakan kama daga bolt −100 zuwa −400 a irin waɗannan injuna. Shi ne ke jawo ayon su faɗo a tsaye su daki roba. A rubuta shi a kowane aiki.

Ta ina kaushin ke fitowa? Hanyoyi ne fiye da ɗaya, kuma sanin wadda ke aiki a injinka shi ne rabin ƙwarewar. A robobi irin su PET da foliyetilin akwai sassan da sarƙoƙin suka jeru tsaf da sassan da suke a hargitse. Oksijin yana cin hargitsattsun da sauri, jerarrun su tsaya a matsayin tudu. PMMA ba shi da jerarrun sassa, amma duk da haka yana fitar da dogayen zaruruwa. Ƙungiyar Evangelos Gogolides a cibiyar bincike ta Demokritos da ke Atens ta nuna dalilin: ayon suna kankaro ɗan alminiyam daga farantin wuta ko bangon tukunya, ya sauka a kan roba a warwatse. Oksijin ba ya iya kwashe shi, don haka kowane ɗigon alminiyam yana zama garkuwa, ana zaizaye kewayensa ana barin ginshiƙi a ƙarƙashinsa. Wannan shi ya sa injuna biyu masu lambobi iri ɗaya suke ba da sakamako daban. Idan aka rufe farantin da gilashin kwaz ko aka lulluɓe shi da roba, kaushin yana raguwa sosai; idan ana son zaizaya sumul, wannan ce hanyar. Idan kaushi ake so, a bar alminiyam a buɗe kewaye da samfurin, kuma a riƙa ajiye samfurin a wuri guda kullum, don na gefe ya fi na tsakiya samun garkuwar.

Matsi yana juya siffar. Idan ya yi ƙasa, ayon ba sa karo da juna a hanya, suna sauka a tsaye, ginshiƙan su fito dogaye masu tsini. Idan ya haura faskal 50, zaizayar ta koma ta kowane gefe, a samu tudu marasa tsayi. Tsayin kaushin yana ƙaruwa da lokaci, daga gomman nanomita a minti na farko zuwa maikuromita ɗaya ko fiye idan an daɗe. Wanda yake son robar ta ci gaba da nuna abin da ke bayanta ya tsaya tun siffofin suna ƙasa da wajen nanomita 100. Da sun kusanci tsawon zangon haske, farantin zai yi fari kamar an shafa masa alli, kuma ba gyara.

Zafi shi ne ɓarnar da ba a gani sai an buɗe. A cikin tukunyar da ba iska, babu abin da zai kwashe zafi daga saman roba, ita kuma roba ba ta wuce da shi ƙasa da sauri. PMMA yana laushi a wajen digiri 105, PET tun a wajen 75. Da saman ya kai nan, ginshiƙan sai su narke su haɗe, ko farantin ya lanƙwashe. Maganin: a raba aikin, minti 1 ko 2 a kunne, minti 2 ko 3 a kashe iskar tana gudana, kuma a manna bayan samfurin da faranti mai sanyaya da ɗan man ɗaukar zafi, ba tare da ya leƙo gefe ba. Roba mai kauri kuma tana rage ƙarfin da ayon ke isowa da shi samanta, don haka abin da aka gwada a kan leda ba zai yi daidai a kan farantin milimita 5 ba. Haka nan idan aka cika tukunya da samfura, suna rabon oksijin ɗin ne, zaizaya ta ragu.

Abin da zai fito daga wannan mataki mai shan ruwa ne ƙwarai. Oksijin ya dasa rukunonin C–O, C=O da COOH a sama, kaushi ya ninka tasirinsu, ɗigo ya baje ƙasa da digiri 10. Idan abin da ake so ke nan, misali don ƙananan hanyoyin ruwa na na'urorin gwajin jini, an gama. Dogayen zaruruwan PMMA suna da rauni, ruwan farko da ya jiƙa su ya bushe zai tattara su dami-dami. Gara a yi wannan da gangan: a tsoma samfurin cikin tataccen ruwa, a bar shi ya bushe, sannan a wuce mataki na biyu. Damman sun fi zaruruwan tsayawa da ƙafarsu.

Mataki na biyu: shimfiɗa abin da ke ƙin ruwa

A nan zaɓin iska ya dogara da yawan fulorin a kan kabon. CF4 tana da huɗu a kan ɗaya, ta fi karkata ga zaizaya da dasa fulorin cikin robar kanta. C4F8 tana da biyu a kan ɗaya, tana gina siririn rufi mai kama da PTFE. CHF3 tana tsakani. Ƙara oksijin yana tura kowace zuwa zaizaya, ƙara haidirojin yana tura ta zuwa gina rufi. Don rufe kaushin da aka riga aka gina, C4F8 ta fi dacewa.

A mayar da samfurin kan farantin da ba wuta, ko a sauke wutar zuwa wat 20 zuwa 50, matsi faskal 5 zuwa 20. Dukan ayon a wannan mataki ɓarna ne, yana farfasa rukunonin CF2 da CF3 waɗanda su ne ke korar ruwan. Idan injin yana iya kunnawa da kashewa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, a yi amfani da hakan, rufin yana fitowa da CF2 mai yawa. Kaurin da ake nema nanomita 20 zuwa 30 ne. Ƙasa da haka, akwai gurbin da bai rufu ba, ruwa zai kama a nan. Sama da haka sosai, rufin zai cike ramukan da aka sha wahalar haƙawa. A riƙa sa gutsuren silikon sumul kusa da samfurin a kowane aiki: a kansa za a auna kauri, kuma kusurwarsa, wadda ya kamata ta kasance tsakanin 105 da 115, ita ce θ ta gaskiya da za ka sa a lissafin Cassie. Idan silikon ya ba da 95, matsalar rufi ce, kada ka taɓa matakin farko.

Iskoki masu fulorin suna da nauyin da ya kamata a sani. Cikin filasma suna haifar da iskoki masu guba, HF da COF2, dole bututun famfo ya bi ta matatar hayaƙi zuwa waje, kuma a wanke tukunya da naitirojin sau biyu ko uku kafin a buɗe. CF4 tana daɗewa a sararin sama wajen shekara 50,000, SF6 kuwa, wata iskar mai fulorin, ta fi kabon dayoksaid riƙe zafi sama da sau 23,000. A Janairun 2023 ƙasashen Jamus, Holan, Danmak, Norwe da Suwidin sun miƙa wa Tarayyar Turai shawarar taƙaita dangin sinadaran PFAS, wato masu kabon haɗe da fulorin, baki ɗaya. Wanda ruwa kaɗai yake son kora, ba mai ba, ya duba HMDSO, wani ruwan sinadari mai silikon wanda ba shi da fulorin. Idan aka sa tururinsa da argon, ba oksijin ko da ɗan kaɗan, yana ba da rufi mai rukunonin metil da kusurwa wajen 100, wadda ta isa ta haura 150 a kan kaushi mai kyau. Oksijin ya yi yawa, rufin ya koma kamar gilashi mai shan ruwa. Korar mai kuwa wani aiki ne daban: ƙarfin fuskar ruwa dayin 72 ne a santimita, na hekzadiken, man da ake gwaji da shi, wajen 27, kuma sai da fulorin tare da ginshiƙai masu faɗin kai da siririn wuya.

Robobi biyu ba sa bin wannan tsari. PTFE ba ya buƙatar mataki na biyu. Morra da Occhiello da Garbassi sun nuna a 1989 cewa doguwar filasmar oksijin tana kausasa shi ba tare da oksijin ya zauna sosai ba, sai ƙin ruwansa ya ƙaru. PDMS kuma oksijin ba ya zaizaye shi, yana mayar da samansa ɓawon silika ne wanda ke tsagewa idan an daɗe. Don manna shi da gilashi daƙiƙa 20 zuwa 40 a ƙaramar wuta sun isa, don kausasa shi kuwa sai SF6.

Awo, da abin da lokaci ke yi

Ɗigo na maikurolita 2 zuwa 5 na tataccen ruwa, wurare biyar a kowane samfur, hoto daga gefe da haske a baya. Kyamara mai ruwan tabarau na kusa da manhajar ImageJ suna yin aikin idan ba injin awo. Amma kusurwar ɗigon da ke zaune kawai ba ta isa hujja ba. A bar allura cikin ɗigon, a ƙara ruwa a hankali a ɗauki kusurwa lokacin da gefen ya fara tafiya, sannan a janye ruwan a ɗauka lokacin da gefen ya fara ja da baya. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce ke gaya maka ko iska na ƙarƙashi. Ƙasa da digiri 10, kana yanayin Cassie. Kusurwar gaba 150, ta baya 60, ruwa ya shige ramuka. Ko dai kaushin bai yi zurfi ba, ko rufin bai kai gindinsa ba. Idan za a zaɓi awo ɗaya tak, kusurwar baya ta fi kowanne tona asirin fuska.

AFM, na'urar da ke bin fuska da siririn tsini, yana ba da lambar kaushi, amma a faɗi faɗin wurin da aka duba, domin maikuromita 1 × 1 da 10 × 10 ba sa ba da lamba ɗaya, kuma tsininsa ba ya isa gindin ramuka masu zurfi. Ga dogayen ginshiƙai SEM, madubin da ke ɗaukar hoto da elektiron, ya fi, samfur a karkace, da rufin zinariya na 'yan nanomita. XPS, na'urar da ke gano sinadaran fuska da hasken X-ray, yana karanta nanomita 10 na sama, kowane rukuni da lambar da yake bayyana a kai: kabon zalla a 285 eV, C–O wajen 286.5, COOH wajen 289, CF2 wajen 291 zuwa 292, CF3 wajen 293 zuwa 294. Shi ne kuma zai nuna alminiyam ɗin da ya yi garkuwa.

Fuska mai shan ruwa ba ta tsayawa yadda aka bar ta. Rukunonin oksijin suna juyawa su nutse ciki, gajerun sarƙoƙi suna tasowa, datti daga iska yana sauka. PDMS yana komawa halinsa cikin awanni, sauran cikin kwanaki ko makonni, zafi kuma yana hanzarta abin, don haka samfurin da aka bari a ɗaki mai digiri 40 a watan Afrilu ba zai yi daidai da na firji ba. A auna nan take, bayan kwana 1, 7 da 30. A kuma ɗauraye samfur ɗaya da ruwa a sake aunawa: idan kusurwa ta yi tsalle sama, an wuce gona da iri, filasma ta daddatse sarƙoƙin zuwa gutsattsarin da ba su riƙe da komai, kuma tawada ko gam da aka sa a kai za su ɓare tare da su. A rage lokaci, ko a fara da argon na daƙiƙa 30 zuwa 60 don ya ɗaure sarƙoƙin saman da juna, dabarar da Hansen da Schonhorn suka bayyana a 1966. Ajiya a kwanon gilashi ko takardar alminiyam, ba cikin leda ba.

Fuska mai korar ruwa ba ta tsufa haka, gogayya ce ke kashe ta. A manna salatif a ɓare, a sake aunawa. A tsoma ta cikin ruwa kwana guda a duba ko ƙyallin azurfa na iskar da ta maƙale yana nan. A ɗora ta kan kofin ruwan zafi, domin tururi yana taruwa ne daga cikin ramuka, kuma fuskar da ɗigo ke tsalle a kanta tana iya jiƙewa sharkaf ta wannan hanya. Inda hannu zai riƙa taɓawa, a fara buga manyan tudu na maikuromita 10 zuwa 50 da zafi da matsi kafin filasma, yadda gogayya za ta ci kawunansu kawai ta bar ƙananan ginshiƙan da ke gefe da cikin kwari.